Jirgin da Lantana ta Shanya

Shekarar da kujerar mulki ta tashi daga Legas ta koma Abuja, ba gwamnati kaɗai ta yi ƙaura ba. Tukwane sun yi, katifu sun yi, har da kajin matar wani masinja da suka yi ta kuka tun daga Ibadan har Lakwaja. Ma'aikatar da Malam Musbahu yake aikin zanen taswirar gine-gine ta ba iyalai uku tirela ɗaya, aka ce kowa ya san yadda zai yi da komatsansa. To a nan ne matarsa Lantana ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta ce yau za a yi ta ta ƙare, ko ita ko jirage.

Jiragen ruwa ne fa, amma ba irin na Apapa masu haɗiye buhuna ba. 'Yan ƙanana ne da Malam Musbahu yake ƙerawa da hannunsa, da katako da gam da wani irin haƙuri da Allah bai raba wa kowa ba. Tun suna amarya da ango a ɗaki biyu a Obalende jiragen nan suke hayayyafa. Akwai a kan kabad, akwai a kan talabijin, akwai wani mai dakon mai da ya yi zamansa a daidai inda ya kamata a ce jeren kwanukan Lantana ne. Ranar Asabar mazan mutane su tafi kallon ƙwallo, nata mijin ya ɗauki fensir ya tafi bakin Marina ya zauna yana kallon jirage kamar an yi masa alkawarin ɗaya.

"Namiji da furfura a gemu," takan ce, "yana wasan da yara suka bari."

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi," yakan amsa, ko ɗagowa ba ya yi.

"Maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ai na sani, ni ce mai akuyar."

Amma fa a baki ne kawai. Bari mata su shigo gaisuwa, sai ka ga Lantana ta ja su gaban kabad, ta sa farce ta buɗe wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙwayar wake ba, ta ce, "Kun gani? Har sakata gare ta." Ta nuna musu bututun hayaƙin da aka yanko daga gwangwanin madara, da tagogin da aka yi da ƙarafan ramin igiyar takalmi, da sarƙar anga wadda asalinta sarƙar wuyanta ce da ta tsinke. In suka riƙe baki suna salati, sai ta taɓe nata ta ce ai aikin ke nan, ba dare ba rana. Wanda bai san ta ba zai ɗauka ƙorafi take yi.

Ranar ɗaurin kaya Malam Musbahu bai yi gardama ba. Ya ba wanzaminsa jirgi ɗaya, ya ba mai shagon bakin layi ɗaya, ya kai sauran makarantar firamaren unguwa. Guda ɗaya tak ya bari, ita ma Lantana ba ta ce uffan a kansa ba, don ta san ko na mene ne.

Tsawonsa kamu biyu, baƙi daga ƙasa, fari daga sama, da bututun hayaƙi a tsakiya. Babu suna a jikinsa, don babu wanda ya riƙe sunansa. Shi ne jirgin da ya kwashi maniyyata daga Sawakin ta ƙasar Sudan zuwa Jidda shekaru arba'in da suka wuce. A cikinsu akwai Ɗangoggo, wani manomi daga ƙauyen Katsina da ya tafi a ƙasa, da matarsa Indo, da ɗansu na fari Musbahu, lokacin bai wuce a goya shi in ya gaji ba. Su uku suka hau, biyu suka sauka. Zazzaɓi ya kama Indo, ta cika a tsakiyar Bahar Maliya, aka yi mata salla aka sa ta a ruwa.

Kowane maraya yana da kabarin da zai je ya tsuguna ya yi addu'a. Malam Musbahu ko tudun ƙasa ba shi da shi. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, Lantana kuwa ta san shi kamar yunwar cikinta: mahaifinsa ya ɗora yatsa a jikin jirgin nan ya ce, nan ta kwanta, ta nan aka sauke ta.

Shi kuwa Baba Ɗangoggo mutumin dā ne. Ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, in ɗan ya tambaye shi abu kai tsaye amsar ɗaya ce, Allah masani. Sai dai tsohon yana da lago: ba ya iya jin an yi kuskure ya yi shiru. Da wannan lagon aka gina jirgin kaf. In sun je gida da Sallah, Malam Musbahu sai ya zauna a ƙofar zaure cikin 'yan'uwa, ya ɗaga murya kamar ba da kowa yake ba.

"Ai jiragen wancan zamani duk bututu biyu gare su."

Daga can kan buzu sai a ji, "Ɗaya."

"Shingen gefensu kuwa iya gwiwa ne."

"Gwiwar wa? Nan ya kawo mini." Tsohon ya dafa ƙasan ƙirjinsa.

Shi ke nan, an samu. Malam Musbahu ya auna tsayin mahaifinsa a jikin rigar da ya kai wa tela, ya sassaƙa ɗan mutum da bai kai rabin tsinken ashana ba ya ce wannan shi ne Baba. Duk abin da zai ƙera a jirgin, da ɗan mutumin nan yake gwadawa: ƙofar da sai an sunkuya, matakalar da mutum biyu ba sa giftawa, kwale-kwalen ceto da ake ratayewa sama da kai. Sallah bayan Sallah yana yin kuskuren ganganci, tsoho yana gyara masa. Wallahi ko alƙali bai fi shi iya tatsar magana ba. Abu ɗaya ne dabarar ba ta ci ba. Ya taɓa cewa ai mata a can ƙasan jirgi ake zuba su, sai tsohon ya ɗauki butarsa ya fice, bai dawo ba sai bayan la'asar.

A kan cinya jirgin ya zo Abuja, a gaban tirela, naɗe cikin zanin Lantana. Duk ramin da mota ta faɗa, Malam Musbahu ne ke cewa wash. Aka sauke su a Karu, a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata, gidaje sababbi fil masu ƙamshin siminti, ba bishiya ko ɗaya, sai duwatsu daga nesa. Ba su gama warware kaya ba Sale ya yi sallama, wani ɗan garinsu mai kawo hatsi kasuwar Karu, ya ce tsoho ya aiko shi da baki.

"Ya ce tun da Allah ya raba ku da bakin ruwa, zai zo ya ga mazauninku kafin a ga watan azumi. Juma'a ta sama zan taho da shi."

Malam Musbahu ya zauna a kan akwati. Tun da tsohon ya dawo daga Makka ya yi rantsuwa idonsa ba zai ƙara ganin teku ba, shi ya sa ko bikin suna bai taɓa kai shi Legas ba. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, da hannu yake gani, ƙafa ma ta fara cewa a'a. Babu wanda ya furta, amma su duka sun san irin wannan tafiyar ba a cika yin ta sau biyu ba.

To, duk matar da ta zauna Legas ta san dokar garin: in rana ta fito, a fitar da komai. Takalma, littattafai, katifa, akwatin sutura, don in ka yi sake har bel ɗin wando sai fumfuna ta yi masa gemu. Su jiragen ma Lantana ta saba fitar da su baranda su sha iska, da yardar mai su. Ranar Litinin, bayan maigida ya bi motar ma'aikata, ta shiga gyaran gida na tarbar suruki. Ta kwance zanin da aka naɗe jirgin, sai wani warin danshi ya bugi hancinta. Ta ce a'a, Baba da hanci zai fara ganin abin nan, ba za a ce gidan Lantana yana wari ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗauko jirgin a hankali kamar jinjiri ta ajiye, har da juya shi yadda rana za ta same shi sosai. Sannan ta ɗauki kwando ta tafi cefane.

Sabo turken wawa. Ranar Legas da ruwa a cikin iskarta take zuwa. Ta Abuja a wannan watan wuta ce tsagwaronta, ga katakon da ya yi shekaru yana shan raɓar teku.

Bayan azahar ta dawo. Tun daga ƙofa ta ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Ta saki kwandon, tumatir ya watse. Jikin jirgin ya tsage daga gaba har baya, allunan sun buɗe baki ɗaya bayan ɗaya. Daɓen bayan bututu ya bambare ya nannaɗe kamar ƙanzo, shingen gefe ya zube a tabarma gutsi-gutsi. Tana tsaye wani allon ya sake cewa ƙas.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na shiga uku, ni Lantana!"

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Garin neman gira ta rasa ido. Shaiɗan ya zo ya raɗa mata ta ce jijjigar tirela ce, sai yanzu ta bayyana. Ta yi a'uziyya, ta kwashe jirgin da gutsattsarinsa ta kai ɗaki, ta zauna tana kuka irin na wanda ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Da Malam Musbahu ya dawo ko takalmi ba ta bari ya cire ba. "Malam, na yi ɓarna. Na shanya shi."

Ya tsaya a kan jirgin ya daɗe. Ya sa yatsa ya bi tsagar tun daga gaba har baya. Da ya yi faɗa da ta fi jin daɗi, da ya ce ta tafi gidansu ma da ta ce ta cancanta. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ni ma na ji warin tun jiya," ya ce. "Da ina gida da ni zan fitar da shi. Akwai ruwa a randa?"

"Malam, Juma'a fa Baba zai zo."

"Na sani. Ƙishirwa ce ta kama shi. Kawo tsofaffin zannuwanki."

Kai, a nan Lantana ta ga abin da ba ta gani ba duk zaman aurensu. Bai zuba wa jirgin ko ɗigon ruwa ba. Ya kai shi lungun da randa take, ya kafa kujeru biyu, ya jiƙa zannuwa ya matse ya yi masa rumfa da su, ya ce in sun bushe ta sake jiƙawa, amma kada zani ya taɓa katako. Ya yanka tsohon tiyub ɗin keke siri-siri ya ɗaɗɗaure cikin jirgin, ba da ƙarfi ba, daidai yadda ake ɗaure karaya. Lantana ta zama mai jinya, tana jiƙa zani tana leƙawa tana addu'a. Zuwa Laraba, ikon Allah, allunan suka koma suka haɗe bakinsu. Ya bi su da gam a kan tsinken tsintsiya, in ba ka san inda tsagar take ba sai ka rantse ba a taɓa yi ba.

Daɓen baya ne da shinge suka mutu murus. Katakon da ya yi su da shi wani fari ne mai laushi da yake tsintowa a wurin masu yankan katako na Legas, ya fere shi har ya koma kamar takarda. Ya zaga kafintocin Karu kaf, babu sai katakon rufin kwano, wanda da ya sa masa reza yake darewa. Ya dawo ya zauna ya zuba wa ramin da ke bayan bututu ido. A karo na farko Lantana ta ga mijinta ya rasa abin yi da hannunsa.

Da safe tana shara ta hangi dangar Asibi, wata Bagwariya da gonarta ke bayan kwatas, wadda take sayar musu da doya. Dangar kara ce. Sai ta tuna hirar da ya sha yi mata, cewa shi da motar kara ya fara, tun yana yaro a ƙauye. Ta yar da tsintsiya ta nufi can.

"Madam, kara kawai?" in ji Asibi tana dariya. "Ɗauki mana, ya yi yawa a gona. Oga naki zai yi wuta ne?"

"Jirgin ruwa zai yi."

Asibi ta dube ta sama da ƙasa, ta ce mutanen Legas dai sai Allah.

Haka Lantana ta ratso kwatas da damin kara a ka, matan ma'aikata suna leƙe ta taga, ko a jikinta. Da maigida ya dawo ya ga damin a tsakar gida sai da ya yi dariya, ta farko tun Litinin.

"Haba Lantana. Babu jirgin da aka taɓa daɓe wa kara a duniya."

"Babu kuma jirgin da aka taɓa shanyawa a tabarma. Ai da shi ka fara, Malam. Ko hannun ya manta?"

Hannun bai manta ba. Ya zaɓi karan da suka nuna suka yi ruwan zuma, ya tsaga su da reza, ya kankare totuwar ciki har sai ɓawon kaɗai ya rage. Ya sa ta ɗora dutsen guga a wuta ya ɗan yi ɗumi, ya danne ɓawon ya miƙe sumul. Sannan ya shiga yanka shi, kowane sili bai fi faɗin tsinken tsintsiya ba, kuma duk kansu ɗaya kamar inji ya yanka. Ya ɗauki sili da hantsaki, ya shafa masa gam, ya ɗauke numfashi, ya kwantar. Ya ɗauko ɗan mutumin nan ya tsayar a kai ya duba ko faɗin allon ya yi daidai da tafin ƙafarsa. In bai yi ba ya cire, ko da kuwa bambancin kaurin gashi ne.

Duk shekarun nan Lantana tana ganin jirage in an gama su, amma ba ta taɓa zama ta ga ana yi ba. Yau ga ta a gefensa tana riƙe masa sili, tabarau ya zamo masa kan hanci, yatsun nan masu kauri suna abin da ko mai kitso ba za ta iya ba. Shingen kuwa ita ta ɗaure shi da zaren ɗinkinta, yana nuna mata inda kowane ƙulli zai zauna. Ta dube shi ta gefen ido, wani abu ya cika mata ƙirji, alfahari ne da kunya a haɗe. Ashe mutumin da take yi wa gorin wasan yara, kabarin uwarsa yake ginawa da tsinke.

Sai can tsakar daren Alhamis aka gama, ya shafa mai ya bushe. A ido, sai wanda aka faɗa wa. Amma Malam Musbahu ya rufe ido ya bi daɓen da yatsa, ya girgiza kai.

"Ido zan iya ruɗa. Baba kuwa ba da ido zai zo ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sale ya kawo tsohon, dogo, siriri, da sandarsa da buzunsa. Lantana ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta kawo fura da tuwon dawa miyar kuka. Ya ci ya yi santi, ya ce ashe zaman Ikko, wato Legas, bai lalata mata hannu ba. Ɗansa kuwa gaisuwa kawai suka yi, kowa yana kallon wani gefe. Bayan la'asar aka shimfiɗa masa buzu a inuwar baranda. Malam Musbahu ya fito da jirgin ya ajiye a gabansa, ya koma gefe ya tsuguna. Lantana ce ta yi ƙarfin hali.

"Baba, ga wani abu a gabanka."

Tsohon ya miƙa hannu biyu ya laluba. Ya fara daga gaba, ya taɓa anga, ya ja sarƙar ya ji ta biyo shi. Ya hau sama ya kama bututu, ya zagaye shi da yatsa.

"Ɗaya," ya ce, ya gyaɗa kai.

Ya sauka matakala da ɗan yatsansa, ya ce a nan ya taɓa zamewa da butar ruwa, wani Bature mai farar hula ya yi ta masifa. Ya ci karo da ɗan mutumin, ya ɗaga shi ya jujjuya.

"Wannan kuma wane ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ashe haka na ƙanƙance." Ya yi 'yar dariya ya mayar da shi. "Madalla. An yi aiki. Allah ya yi albarka."

Ya fara janye hannunsa. Lantana ta dubi mijinta ta ga ya sunkuyar da kai, shekarun nan duka za su tafi a kan madalla. Tsohon yana janyewa, gefen tafinsa ya gogi daɓen bayan bututu. Ya tsaya cak. Ya mayar da hannun, ya shafa, ya sa farce ya ɗan kankara, ya kai yatsan hanci.

"Wannan kara ne."

"Laifina ne, Baba," in ji Lantana da sauri. "Ni na shanya shi rana ta fasa, muka rasa katako..."

Ba ita yake saurare ba. Fuskarsa ta canza, muryar ta koma irin wadda yake gyara kuskure da ita a zaure.

"Ba daidai ba ne. Babu kara a jirgin nan. Ko sili ɗaya babu. Ai na nema."

Can bayan kwatas ana jin Asibi tana kiran awakinta.

"A garinmu," tsohon ya ce, "ko baƙo ne ya faɗi ya mutu a kasuwa, sai an yanko kara an ɗaure masa makara. Ita kuwa 'yar manoma ce, cikin kara aka haife ta, a gadon kara ta yi wayo. Da ta cika na bi jirgin nan sama da ƙasa ina roƙo da hannu, don ba na jin bakinsu. Na ce ko tsohuwar tabarma ce, ko asabari. Sai suka ɗauko wani katako daga madafa, wanda suke yanka kifi a kai. A kansa aka ɗora ta." Ya sake shafa daɓen karan. "Ni na raba ta da gidan ubanta na ce zan kai ta Ɗakin Allah. Ko makara ban iya yi mata ba. To da wane bakin zan ba da wannan labari?"

Hawaye suka biyo ramukan fuskarsa, bai share ba. Lantana ta toshe baki da mayafi.

"Kai," ya ce, bai juya ba. "Miƙo hannunka."

Malam Musbahu ya matso da gwiwa. Tsohon ya kama yatsansa, abin da bai yi ba tun yana yaro, ya ja shi a kan daɓen karan har ƙarƙashin kwale-kwalen ceto na hagu.

"Nan ta kwanta, don akwai inuwa. Kai kana bayanta kana barci, ka riƙe bakin zaninta, sai da na ɓamɓare yatsunka." Ya ja yatsan zuwa shinge. "Ta nan aka sauke ta. Akwai 'yar ƙofa a nan, ba ka yi ta ba."

"Zan yi, Baba," in ji Malam Musbahu.

"Da hantsi ne. Ruwan ya kwanta lumui." Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Lantana. "'Yata, akwai sauran karan?"

Ta tashi da gudu har tana tuntuɓe, ta kawo guda, ta haɗo da zare. Tsohon ya sa haƙori ya tsaga, ya sa farce ya fere, ya kakkarya daidai-wa-daida, ya jera a kan gwiwarsa. Ido ba ya gani, amma hannun ya ɗaure makara ba adadi a ƙauye, bai nemi taimakon kowa ba. Ya yi ƙulli a kai, ya yi a tsakiya, ya yi a ƙafa, ya ciji zaren. Ya laluba ya kwantar da ita a inuwar kwale-kwalen, a inda yatsan ɗansa yake.

Makarar ta fi ƙarfin jirgin nesa ba kusa ba. In aka gwada ta da ɗan mutumin nan, ta isa ta ɗauki mutum biyar. Lantana ta saci kallon mijinta, mutumin da yake rushe aikin wata guda saboda kaurin gashi. Ya bar ta yadda take. Tsohon ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga, ya yi wa Indo addu'a da sunanta, a fili, ya daɗe yana yi.

Da aka shafa, Malam Musbahu ya goge tabarau, ya ce wa Lantana ta miƙo masa gam.